Likitan waya ya yi mana rana, amma masu manhajar sai a hankali

Duk wanda ya baro birnin Wad Madani na Sudan saboda yaƙi a watan Disambar 2023 ya san ba gida kaɗai aka bari ba, har da likitocin da aka saba da su. Inna ta daɗe da ciwon suga, likitanta kuwa yanzu Allah kaɗai ya san ƙasar da yake. A nan Gadarif asibiti ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, sai ka yi sammako ka wuni a layi. Shi ya sa na sayi zama a manhajar nan ta ganin likita ta bidiyo, wadda ake ta tallarta a zaurukan WhatsApp na unguwa. Na tura kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, ina gunaguni, ban sa rai da komai ba.

Wani ɗan ciwo ne ya fito mata a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa. Ba ya mata zafi, don haka ta ce a ƙyale shi. Likitan da aka haɗa mu da shi ɗan Kassala ne, yana aiki a Riyad. Da Larabci muka fara, da ya ji ina yi wa Inna fassara sai kawai ya ce, "Inna, sannu da jiki, ya ƙarfin jikin?" Tsohuwar da ba ta yarda da maganin waya ba sai ga ta ta gyara zama tana ba shi labarin ƙafa tun daga tushe.

Ya sa na haska ciwon da fitilar wata wayar, na danna gefensa, na taɓa ƙafafun biyu na gaya masa wadda ta fi ɗumi. Ya ce rashin jin zafin shi ne abin tsoro, suga ne ya kashe jijiyoyin wurin. Sai ya tambayi inda muke ajiye insulin, maganin allurar da take yi don suga. Na ce firji, amma ai kun san halin wuta. Ya ce zafin da ke wuce digiri 40 yana rage ƙarfin maganin, wataƙila shi ya sa awon suganta yake haura 300 alhali ba ta fashin allura. Ya koya mini in sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, in cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, in ajiye a inuwa, kwalbar da aka buɗe kuma kada ta wuce wata guda.

Abin da ya fi burge ni, maƙwabcinmu ma'aikacin jinya da ke wanke mata ciwon yana wurin, likitan bai raina shi ba. Ya tsaya ya nuna masa yadda zai cire mataccen nama a hankali, ya wanke da ruwan gishiri na asibiti, ya naɗe yadda ba za ta taka wurin ba. Ya ce mana, "In kun ji wari, ko jan ya fara bazuwa, ko zazzaɓi ya zo, kada ku neme ni, ku kai ta asibiti." Daga baya ma ya saka shi a wani zaure da likitocinmu na waje ke koyar da ma'aikatan lafiya na gida.

To, nan yabon ya tsaya. Da na sake biya don a duba yadda ciwon yake, ashe ba a zaɓen likita. Wata daban aka ba mu, ta fara tambaya tun daga suna da shekaru. Hotuna da awon da na ɗora duk babu su a fayil. Muna tsakiyar magana sadarwa ta yanke, manhajar ta rubuta wai an kammala zama. A ƙasar da ta kwashe makonni babu sadarwa a Fabrairun 2024, a ce ba su tanadi hanyar sake kira ba? Takardar maganin da ta biyo baya kuma, na zaga kantunan magani na kasuwa babu mai shi, sai wani ya nemo mini makamancinsa.

Na rubuta ƙorafi, amsar na'ura ce ke dawowa, wai ana dubawa. Ƙafar tana haɗewa, alhamdu lillahi. Kuɗin zama na biyu har yau ba su dawo ba, yanzu maƙwabcin namu ne yake tura wa likitan farko hoton ciwon ta zaurensu, ba ko sisi.