Kuɗin Asibitin Kyanwa a Ingila: Wasiƙa Zuwa Ga Yayana

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Na ji irin dariyar da aka sha da labari ya iso muku cewa a nan ana kwantar da kyanwa a asibiti, har a sa mata ƙarin ruwa. Ba almara ba ce. Tunda ka ce in riƙa ba ka labarin yadda kaya da hidima suke a ƙasar nan, yau ga na likitan dabbobi, don ban ga hidimar da ke rikita wa baƙo lissafi irinta ba.

Mutum in ya kwanta rashin lafiya a Birtaniya yana da NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, zai ga likita ya fito ba wanda ya miƙo masa takardar biyan kuɗi. Dabba ba ta da wannan gatan. Asibitin dabbobi kasuwanci ne, kowanne da farashinsa, kuma a kan kowace hidima akwai harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari. Shi ya sa ɗan ƙasa ma, wanda bai taɓa sanin nawa ake gwajin jini ba, ranar da ya kai karensa ce yake fara sani. Ganin likita kaɗai, ya dudduba ya saurari ƙirji ya ɗora a sikeli, yakan ci fam 50 ko fiye, ba a zo maganar magani ba tukuna. In da tsakar dare ne ko ranar Lahadi, sai a asibitin gaggawa, can kuwa kuɗin shiga kaɗai yakan haura fam 200.

Wajen kayan aiki ba abin da za a ce. Ana ɗibar jini a ba ka sakamako kana zaune. Akwai hoton ƙashi, akwai na'urar duban ciki, akwai MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, a manyan asibitoci. Akwai likitan da zuciya kawai ya ƙware a kai, wani ido, wani sankara, har ƙashin ƙugu ake canja wa kare. To a nan damuwar take. Inda babu kayan, in dabba ta mutu ka ce kwananta ne ya ƙare, ka yi barcinka. Inda akwai, kuma an faɗa maka kuɗinsa, kai ne za ka buɗe baki ka ce a'a, yara na tsaye suna kallonka.

Ka san a gida likitan dabbobi mutumin garke ne. Mai saniya ya san darajarta a kasuwa, in magani zai cinye fiye da kuɗinta, shi ke nan an gama shawara. Tsohuwar kyanwa kuwa ba ta da kasuwa, ko kyauta da wuya a samu mai karɓa, amma 'yarka da ita ta yi rarrafe. Da wane ma'auni za ka auna?

Doka ta yanke maka mafi ƙarancin abin da za ka yi. Dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai riƙon dabba a Ingila da Wales nauyin ci da shanta da makwancinta, da kare ta daga ciwo da rauni da cuta. Barin dabba tana fama ba a nema mata magani ba laifi ne, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA tana kai mutane kotu a kan haka, alƙali kuma na iya haramta wa mutum sake riƙon dabba. Tun 2021 hukuncin zaluntar dabba yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Hatta shaidar mallaka wajibi ce: tun 2016 ake sa wa karnuka wani ɗan guntun na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gane mai su, daga 10 ga Yuni 2024 kuma aka haɗa da kyanwoyi a Ingila, wanda ya ƙi tarar na iya kaiwa fam 500. Sai dai ka lura, doka ba ta ce dole ka biya tiyatar dubban fam ba. Cewa ta yi kada ka bar dabbar cikin azaba. Wannan ɓangaren bai zame mini baƙo ba, tun muna ƙanana muke jin hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba.

Abin da ya rage tsakanin wannan wajibin da ƙarfin aljihunka, nan ne ake kokawa. Ni dai tambayar da na ga tana raba gardama ita ce: kuɗin nan me zai saya wa dabbar?

Ga misali. Muzuru matashi yakan samu toshewar hanyar fitsari. Za ka ga yana zarya wurin bahayarsa yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fita. Wannan ba ya jiran Litinin, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya kashe shi. Za a sa masa maganin barci, a zura siririn bututu a buɗe hanyar, a kwantar da shi kwanaki, kuɗin kuma yakan wuce fam 1,000. Da nauyi ƙwarai. Amma in an dace, abin da ka saya shekaru ne na lafiya, ko da yake toshewar takan dawo wa wasu. Haka karayar ƙafa ga ɗan kwikwiyo. Irin wannan, in da hali, ni ina ganin a daure a biya.

Namu muzurun daban ne, tsufa ne ya kawo masa ciwon ƙoda, wanda yana cikin cututtukan da suka fi addabar tsofaffin kyanwoyi. Ya dinga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yawaita, jiki ya zube. Gwajin jini da na fitsari suka nuna inda aka kwana. Ƙodar da ta lalace ba ta dawowa, sai dai a rage wa cutar gudu da abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosforas, da maganin hawan jini in ya hau, da awo lokaci-lokaci. Likitar ta ce ana iya tura mu wajen ƙwararre a yi hoton ciki. Na tambaye ta, in an yi hoton, maganin da za ki ba shi zai canja? Ta ɗan yi shiru, ta ce da wuya. Muka bar hoton. Kuɗin da zai ci ya isa abincin ƙodar na watanni, abincin kuwa shi ne aka san yana ƙara wa irinsa kwana.

Kada ka ɗauka cuta ta so yi mini. Yawancin likitocin nan an koya musu su fara da faɗin mafi kyawun abin da ilimi ya kai, kai kuma ka faɗi inda ƙarfinka ya tsaya. Mu ne kunya take hana mu. Baƙo ba ya son a ce ga wanda ya zo ƙasar mutane yana ƙyashin kuɗin magani, sai ya gyaɗa kai ga duk abin da aka lissafa, ya koma gida ya kasa barci. Alhali in ka ce, likita, fam kaza nake da shi, me ya fi amfani a yi da shi, za ka ga ta sake tsara aikin ba tare da ta ɓata rai ba. Kana da damar neman a rubuta maka ƙiyasin kuɗi kafin a taɓa dabbar, ka kuma ce a kira ka in za a wuce shi. Kana da damar jin ra'ayin wani likitan. Ciwo ɗaya ma yakan zo da hanyoyi masu farashi daban-daban: kyanwar da ƙullin maƙogwaronta ke aiki fiye da kima ana iya ba ta ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwarta, ana iya tiyata, ana iya allurar aidin mai tururin nukiliya wadda galibi sau ɗaya ake yi a warke. Ta ƙarshen ta fi tsada a rana ɗaya, amma ga kyanwar da ke da sauran shekaru a gaba tana iya fin ƙwayar sauƙi in an tara lissafi.

Maganin da za a daɗe ana sha, kada a saye shi a asibiti ba a bincika ba. Ana iya karɓar rubutacciyar takardar magani, a biya kuɗin rubutun, a saya a kantin magani na intanet mai rajista, sau da yawa da rangwame mai yawa. Abin da ba a yi shi ne neman sauƙi da maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Wannan ka faɗa wa mutanen gida ma.

Tsadar nan ba mu baƙi kaɗai ta dama ba. Hukumar sa ido kan gasa a kasuwanni, CMA, ta fara duba harkar a 2023, ta buɗe cikakken bincike a 2024. Ta gano cewa a 2013 kusan kashi 10 cikin ɗari na asibitocin dabbobi ne ke hannun manyan kamfanoni, amma yanzu kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60. Da yawa ba su canja allon ƙofa ba, kana ganin tsohon suna ka zaci na likitan unguwa ne. A rahotonta na Oktoban 2025 ta ce farashi ya tashi da kashi 63 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2023, ta kuma ba da shawarar a tilasta wa asibitoci bayyana farashi da sunan mai su.

A Jamus ba haka suke yi ba. Gwamnati ce ke fitar da jadawalin kuɗin likitan dabbobi, GOT, wanda aka sabunta a Nuwamban 2022. Kowane aiki da farashinsa a rubuce, likita na iya karɓar daidai shi ko ya ninka har sau uku, a lokacin gaggawa har sau huɗu da ƙarin yuro 50. Ba arha ba ce, su ma suna kuka tun bayan sabuntawar, amma mutum ya san iyakar abin da zai same shi. A Amurka kuwa a teburin karɓar kuɗi ake tallata maka katin bashi na jinya. Cikin ukun, tsarin Jamus ya fi kwanta mini.

Mutanen nan da inshora suke kare kansu, kuma a nan ma sai an buɗe ido. Akwai mai biyan haɗari kawai. Akwai mai biyan kowace cuta na wata 12 ta daina. Akwai mai ware wa kowace cuta adadi, in ya ƙare ya ƙare. Sai mai tsadar, wadda ke sabunta adadin duk shekara muddin kana biya, ita ce mai amfani ga ciwo irin na ƙoda ko suga. Kusan dukkansu ba sa biyan cutar da ta riga rajista, a kowace jinya kuma akwai kason farko da kai za ka biya, dabba na tsufa kuɗin wata na hawa, wasu ma su ɗora maka wani kaso na kowace takarda. Wanda zai shiga ya shiga tun dabbar na ƙarama. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshora ba, ko ya makara, ya buɗe asusu daban yana jefa wani abu duk wata, ya san dai tiyata ɗaya na iya share shi.

Za ka ce ina ƙungiyoyin agaji? Akwai su. PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 a gabashin Landan don dabbobin talakawa, har yau tana jinya kyauta ko da rangwame, haka ma Blue Cross. Sai dai sharaɗin samun taimakonsu yawanci shi ne kana karɓar tallafin gwamnati, mu masu bizar aiki kuwa a rubuce yake cewa ba mu da haƙƙi a wannan tallafin. Ka ga ƙofa a buɗe, amma ba tamu ba.

Na san abin da ke ranka, kawaici ne ya hana ka faɗa: mai 'yan'uwa da ke jiran kuɗin makaranta da na asibiti, yaya zai zuba ɗaruruwan fam a kan mage? Tambaya ce ta gaskiya, ba na jin haushinta. Mu a gidan nan mun zauna mun ja layi da rana tsaka, ba a ɗakin likita ba, don a can tausayi ne ke lissafi. Ba a taɓa kuɗin haya, ba a taɓa abin da ake aikowa gida, ba a cin bashi mai ruwa. Abin da ke asusun muzurun nasa ne, a kashe masa ba tare da ƙunci ba, maganin zafin ciwo kuwa ko asusun ya ƙare sai an saya. Kuma duk ɗanmu da ya tambaye ni ko ya ɗauko kyanwa saboda yara, nakan ce ya fara lissafa shekara 15 na abinci da allurar rigakafi da dandaƙa da jinya, in bai ga wurinsu a albashinsa ba ya haƙura tun yanzu.

Saura magana mai nauyi. Idan dabba ta daina ci, ba ta iya tashi, magani ya daina riƙe ciwon, likita zai kawo maganar allurar da ke kawo ƙarshen wahala. A nan ba a ɗaukar ta a matsayin gazawa, kuma likita mai hankali ba zai ga laifinka ba in rashin kuɗin tiyata na cikin dalilanka. Ɓangaren addini kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun kafin ranar ta zo. Ita ma allurar da kuɗinta, in a gida kake so a yi ya fi tsada. Gawar kuma yawanci ƙonawa ake yi, ko a haɗa da wasu, ko ita kaɗai a ba ka tokar a ɗan akwati da ƙarin kuɗi. Binnewa a bayan gida ya halatta in gidan mallakinka ne, mu 'yan haya sai da izinin mai gida, in ba haka ba sai maƙabartar dabbobi, wadda ita ma ba kyauta ba ce. Na riga na tambayi mai gidanmu, ya ce zai yi tunani.

A gaida Inna da su Baba, da yara duka.