Kayan da za su iya tashi: abin da mai haya a Maradi zai duba kafin ya fidda kuɗinsa

Sau biyu muka tashi cikin shekara shida. Daga gidan iyayen baban yara a Bagalam, inda aka kawo ni amarya, muka koma ciki da falo a Sabon Gari, daga can kuma muka hau unguwar Zariya, inda muke yanzu da yara biyu. Kowane tashi sai ya ci wani abu. Na farko ya ci madubi da ƙafar kabet. Na biyu ya cinye wadirof ɗina ɗungurungum, wadda ranar jere mata suka yi ta shafawa suna sam barka. Da aka kwance ta aka zo mayarwa, sai kusoshin suka riƙa juyawa cikin raminsu, garin katako na zuba ƙasa kamar dusa. Kafintan da muka kira ya ƙare mata kallo ya ce, "Hajiya, wagga ai ba ta tafiya ba ce, inda aka kafa ta nan za ta mutu."

Tun daga ranar, in zan sayi wani abu na ɗaki, tambaya guda nake fara yi wa kaina: in mai gidan haya ya ce yana son gidansa wata mai kamawa, abin nan zai isa sabon wuri da ransa? Kyau da sauƙin kuɗi duk bayan wannan suke zuwa.

Amma kafin kaya, gidan kansa, domin shi ke yanke abin da za ka saya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi sanyi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, hayarsa kuma ta fi sauƙi, sai dai yana son yaɓe kafin damina, gara kuma ta ɗauke shi gidan ubanta. Ɗakin siminti mai rufin kwano ya fi tsabta da kwanciyar hankali ranar ruwa, amma in babu silin, da azahar tanda ne. Ni na zaɓi siminti mai silin ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, don abin da ka rage a haya za ka mayar da shi a fanka da rashin barcin yara. In da hali, je ka ga gidan washegarin ruwan sama. Ka dubi gindin bango ko akwai zanen inda ruwa ya taɓa kaiwa, ka dubi lungun ko babur na iya shiga. Dattawan garin nan ba su manta ba cewa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashi gari aka hau tudu, kuma har gobe ruwa bai daina bin gangare ba. Sannan ka nemi a nuna maka takardar wuta da ta ruwa ta watan ƙarshe kafin ka ba dillali la'adarsa. A gidanmu na biyu bashin wutar wata huɗu muka gada, na wanda bai ko bar mana sallama ba. Gidan da ake tarayya a mita ɗaya kuwa, a yi maganar rabon kuɗi tun ranar farko, a gaban mai gidan, don yawancin gabar maƙwabtan haya daga nan take tsirowa.

To, gado. Iri uku za ka tarar a gari. Akwai na allon nan mai sheƙi da ake haɗawa da garin katako da gam, wanda yanzu shi ne adon ɗakin amare. Ya fi kowanne ɗaukar ido, kuma in kana zaune gidan kanka, kan tayil, babu laifi. Amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan: a yi mopin sau da yawa, ko yaro ya kifar da buta a gindinsa, sai ka ga ƙasan ya kumbura ya fara ɓarewa. Kusa kuma in ta fita sau ɗaya, ba ta sake kamawa kamar da. Akwai na katako na gaske, wanda kafinta zai yi maka. A nan sai ka buɗe ido, domin farin katako mara nauyi, in an shafa masa fenti mai duhu, sai ka rantse ja ne. Ka leƙa bayan gadon ko ƙarƙashinsa inda fenti bai kai ba, ka danna farce: in ya shiga ya bar shaida, fari ne, gara da ƙwaro za su riga ka morarsa. Ka tambaya kuma ko katakon ya bushe, don ɗanye in hunturu ya buge shi sai ya tsage ko ya karkace. Jan katako busasshe da aka haɗa da noti, wanda ake kwancewa da sifana, shi ne gadon da jika zai gada, sai dai kuɗinsa ba na mai sabon tashi ba ne.

Na uku shi ne na ƙarfe, na masu walda, wanda mata da yawa ke yi wa kallon gadon ɗan makaranta. Shi na saya, kuma ban yi da-na-sani ba. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya kumbura shi, in wani wuri ya ɓalle, walda ɗaya ta gama magana. Abin dubawa kawai kaurin bututun, da ko an sa masa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin na ado. Ka ce mai walda ya yi maka shi gida huɗu, kai da ƙafa da gefe biyu, ya haɗa da noti. In ya like shi gaba ɗaya, ranar tashi za ka ga ƙofa ta ƙi shi. Da Inna ta zo ganin ɗaki ta taɓe baki ta ce, "Ke ɗiyar nan, gadon asibiti kika sawo?" Na shimfiɗa zanen gado mai saukowa har ƙasa, ta sake zuwa ba ta ko tuna ba.

Inda ban yarda a yi tsumulmula ba shi ne katifa. Gado na kallo ne, katifa ita ke ɗaukar bayanka kowane dare. Kauri ba shi ne ƙarko ba. Nauyin soson ne. Katifa biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi in ka ɗaga ita ce za ta daɗe. Ka zauna a gefenta ka miƙe, ka ga ko ta taso nan take ko ta bar gurbin zamanka. Masu suna irin Vitafoam da Mouka da ake shigowa da su daga Najeriya suna da daraja-daraja, kuma ana ɗinka rigar da ta yi kama da tasu a rufe soso mara kyau, don haka ka dubi tambari da ledar kamfani, ka saya wurin mai shagon da gobe za ka same shi in da magana. In kuɗi bai kai gado da katifa tare ba, sayi katifa mai kyau ka aje ta kan tabarma, gado ya jira. Haka muka yi wata bakwai, babu wanda ya mutu.

Katifa kuma ita ce abu guda da ba na saye na hannu, ita da kujerun kushin. Kuɗin cizo a ɗinki da lungun katako yake ɓoye, kuma in ya shiga ɗaki, abin da za ka kashe kan magani ya fi rangwamen da ka samu. In dole ce ta sa, ka ɗaga bakin ɗinkin ka duba. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada alama ce, ka bar musu abinsu. Sauran kaya kuwa, teburi, kujerar ƙarfe, kantar jera kwanuka, tukunyar gas, na hannu ba abin kunya ba ne. Lokacin da ya fi daɗin samu shi ne in an rufe makarantu, daga Yuni zuwa Yuli, sa'ad da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke kwashe nasu, da kuma gab da komawar Oktoba, lokacin da ma'aikatan da aka canza wa gari ke neman rage kaya. Wanda mota ke jira ba ya dogon ciniki.

Falo ba sai na daɗe a kansa ba. Saitin kushin yana cin rabin ɗaki, yana shan ƙurar hunturu, yara kuma su mayar da shi filin tsalle. Ledar ɗaki mai kauri, darduma guda, filon jingina huɗu da kujerun roba biyu don baƙi dattawa masu ciwon gwiwa sun ishe mu. Leda kam a sayi mai kauri. Siririyar ko wata uku ba ta yi ƙafar kujera ta huda ta. A tsakar gida tabarmar kaba ta fi ta roba daɗin zama da zafi, ta roba ta fi jure fitsarin yaro. Ina da duka biyun.

Madafa ita ce wurin da lissafi ya fi ruɗin mutum, saboda itace da gawayi kullum kaɗan-kaɗan ake saye, ba ka jin zafin fitar kuɗin, gas kuwa a dunƙule yake zuwa. Sai ka tara na wata guda ka gani. Tun da matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidajen talakawa, kuma ƙaramar tukunya mai kilo 6, wadda ake ɗaura wa kan girki a bisa, ita ta dace da mai ciki da falo: hannu ɗaya ke ɗaukarta, ba ta son tiyo. Mai kilo 12 ta fi daɗewa, amma tana son teburin girki da tiyo da wurin da yaro ba zai kai hannu ba. Kowace ka saya, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗin. In ya yi kumfa yana tashi, gas na fita, kada ka kunna. Duk da haka ban yar da murhun gawayi ba, domin akwai ranar da za a zaga gari babu gas, kuma wake da ganda ba abincin gas ba ne. Abu guda dai: komai sanyin Janairu kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa.

Firij ko randa? Na san za a yi mini dariya, amma ku tsaya. Wutar Maradi daga Najeriya ake jawo ta, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka zauna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sa aka katse ta tsawon watanni. Ko a lokacin lafiya, da bazara kamfanin wuta na NIGELEC na yawan ɗaukewa, ga hawa da saukar ƙarfin wuta da ke ƙona injin firij. Wanda zai sayi firij, musamman na hannu, ya sa kuɗin na'urar daidaita wuta cikin lissafi, ya sa a kunna masa a shago ya jira ya ga ya yi sanyi, injin ya tsaya da kansa ya sake tashi. In za ki riƙa sayar da ƙanƙara ko zoɓo da lamurje, firij jari ne, ki saya. In don ruwan sha ne kawai, sabuwar randa kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, da kula guda da ƙanƙarar maƙwabta, sun riƙe mu shekara huɗu. Kuɗin da muka rage muka sayi fanka mai caji, wadda ita ce ke sa jariri barci in wuta ta tafi ƙarfe biyun dare. Fankar sama ta fi iska, amma sai ka kira mai gyaran wuta ranar ɗaurawa da ranar kwancewa, wani mai gidan ma ya ce ai ta zama tasa.

Sai maganar da kowa ke yi: a tsallaka Najeriya a sayo ya fi araha. Gaskiya ne Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, ta Dan Isa da Jibiya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi, mai sefa, wadda ke ɗaure da yuro, ya ga jakarsa ta yi auki a can. Amma ka haɗa kuɗin mota, da na kaya, da na duwan, da abin da ɗan canji zai ci, da halin da hanyar ke ciki ta fuskar tsaro. Labule, zannuwan gado, kwanuka da robobi, in wani ɗan'uwa zai je ka ba shi saƙo, akwai riba. Katifa ko gado kuwa, 'yan kasuwarmu sun riga sun shigo da su da yawa, bambancin sau da yawa bai kai wahalar ba, kuma in abu ya fito da aibi ba ka da wurin mayarwa. Ƙaramin abin da ake mantawa: kayan wutar Najeriya da filogi mai ƙafa uku masu faɗi suke zuwa, soket ɗinmu kuwa mai rami biyu zagayayyu ne. Sayi mahaɗi mai kyau, kada ka cusa da tsinke. A gida kuma, Litinin da Juma'a babbar kasuwa ta fi cika, nan za ka samu randa da tabarma da turmi hannun waɗanda suka kawo daga ƙauye. Aikin kafinta da mai walda kuwa kada ka ba da shi gab da salla ko bayan kaka lokacin bukukuwa. Kuɗi zai hau, alkawari kuma ya zama "gobe in sha Allahu" har sau goma. Ka ba da rabi, sauran sai ka ga kaya.

Wata magana da maza ba su cika son ji ba: kayan ɗaki na matar ne, iyayenta suka yi mata. In za a sayar da kabet ko a rage kwanukan jere don sabon ɗaki ya ɗauka, ita za ta yanke, kuɗin kuma nata ne. Ni da kaina na sayar da saitin samira biyu da tun ranar biki ban buɗe ba, na cika na sayi katifar. Baban yara ya ce, "Ki bari mu ga wata ya ƙare, ni zan saya." Na ce, "A'a Malam, watan nan na san shi, ba ya ƙarewa."

Ranar tashi, amalanke ya fi sauƙin kuɗi kuma yana shiga lungun da mota ba ta shiga, amma girgizarsa ba ta bar gilashi. Ɗan sahu na kaya ya fi sauri, akori-kura kuma sai in kaya sun kai a yi sawu ɗaya. A yi ciniki kan aikin duka, ba kan sawu ba, in ba haka ba sai ka ga ana ɗora kujera biyu a tafi. Firij a tsaye ake ɗaukarsa, in an sauke a bar shi wasu sa'o'i kafin a kunna. Kwanuka a naɗe su cikin zannuwa. Notin gado kuma a zuba su cikin safa guda a ƙulle a jikin ƙarfen gadon, don a tashinmu na ƙarshe cikin tukunyar miya muka same su, bayan kwana uku muna kwana a ƙasa.