Wasiƙa daga Landan: abin da takardar gwajin jinina ta nuna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni a waya ko da gaske asibitin Ingila ya fi namu. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Zazzaɓi ne ya kai ni sashen gaggawa, aka ɗebi jini. Tun 2022 asibitocin Landan ke haɗawa da gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B da C ga manyan da aka ɗebi jininsu a can, sai in mutum ya ce ba ya so. Da haka aka gano ina ɗauke da ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B.

A gida gwajin da aka fi yi shi ne HBsAg. A ce maka kana da shi, ka fito da takarda a hannu, hankali a tashe. Nan kuwa nas ce ta zaunar da ni, ta juyo min fuskar kwamfuta tana bin layi ɗaya-ɗaya da bakin biro. HBsAg iyakarsa ya ce ƙwayar tana jiki. Yawanta sai gwajin DNA. Nawa 600 ne a lokacin, bai kai 2,000 da likitoci ke sa wa ido ba. ALT kuma sinadari ne da ke cikin hanta, in tana jin jiki sai ya tsiyayo cikin jini. Nawa 24. Ta ce ƙwayar barci take yi, ba mutuwa ta yi ba, in riƙa dawowa duk wata shida.

Barcin nan na raina, Yaya. Ka tuna zuwana bara da gwiwa ta matsa min? Wani mai kemis ya ƙulla min ƙwayoyi a leda, ba kwali ba suna. Na fi wata ina sha, na ji garau. Ragowar da na taho da ita aka duba a nan, ashe da dexamethasone a ciki, irin wanda ake sha don ƙiba, sha-ka-fashe. Danne garkuwar jiki yake yi, sai ƙwayar ta samu sarari ta yi ta hayayyafa. Da na daina sha, garkuwar ta farka ta far wa hantar da ƙwayar ta cika. ALT ya haura 300, DNA ya wuce miliyan. Ban yi shawara ba, idona bai yi rawaya ba, kasala ce kawai na ɗauka ta hanya ce. Maganin ciwon daji ma kan tayar da ita haka, shi ya sa ake gwada mutum kafin a fara ba shi.

Yanzu ina shan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Likita ya ja min kunne sosai kar in daina da kaina don na ji sauƙi, domin yankewa kwatsam kan sa cutar ta dawo da ƙarfi.

Kar ka ɗauka komai kyauta ne. Kafin a ba ni biza sai da na biya kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, kowane magani da likita ya rubuta kuma fam 9.90. Ga jira: na yi watanni kafin in ga likitan hanta, alhali a Kano in da kuɗinka a ranar za ka ga likita. Tenofovir ɗin ma ana samunsa a gida. Inda suka fi mu, a ganina, bibiya ce. Su za su aiko maka da ranar dawowa, sakamako ya faɗo a wayarka, kuma babu mai sayar maka da dexamethasone sai da takardar likita.

Abin da ke damuna shi ne ku. Yawancinmu tun muna jarirai muke kamuwa, daga uwa ko a cikin gida, kuma wani bincike da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ita. Don Allah ka kai Hajiya da ƙannenmu a gwada su, kai ma ka yi. Wanda aka samu a yi masa ALT da DNA, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. In Allah ya sauki Anti lafiya, a yi wa jaririn allurar cikin awa 24.

Na turo kuɗin gwajin. Ka ɗauki hoton takardun ka aiko min.

Ƙaninka