Kafiretar mashin da ya daɗe a jingine: a wanke ta asali ko a sayi sabuwa?

Malam, ajiye kuɗinka tukuna. Tsakanin wanke kafiretar da ta zo da mashin ɗinka da sayen sabuwar da bakanike ya ce ka kawo, wankin za ka yi. Mashin mai injin CG 125 da aka jingine shekara biyu da lafiyarsa, yau yana tashi da cok amma da ka sauke cok ko ka saki totur sai ya mutu, ba lalacewa kafiretarsa ta yi ba. Galibi kafireta ba ta cinyewa a zaune, toshewa take yi.

Man da aka bari a kofin ƙasan kafireta shi ne ya jawo. Ɓangarensa mai sauƙi yana bin iska, musamman da zafin bazara, ya bar wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti. A cikin kofin akwai jet biyu, wato ƙananan sukurori masu rami da mai ke bi ta cikinsu. Babban yana aiki ne idan ka murɗa totur sosai, lambarsa a irin wannan injin tana wajen 95 zuwa 105. Ƙaramin, wato jet ɗin silo (aikin injin a hankali idan totur na sake), lambarsa tsakanin 35 da 40 take, kuma a tsarin Keihin, kamfanin ƙera kafireta, lambar faɗin ramin take nunawa: 38 na nufin milimita 0.38. Rami irin wannan ɗigon danƙo ɗaya ya isa ya rufe shi. Da ya rufe, injin ba shi da inda zai sha mai idan totur na sake. Cok kuwa faranti ne da ke tare iska a bakin kafireta, sai injin ya zuƙo mai da ƙarfi ta hanyar babban jet. Shi ya sa yake tashi da cok, ya mutu ba cok.

Ta asalin tana da abin da sabuwa ba za ta zo da shi ba. Kamfani ya zaɓar mata jet da allura daidai da wannan injin, da akwatin iskarsa, da salansarsa. Wayar totur ta zauna mata, robar wuya ta kama ta, tiyon mai ya kai. Mashin ɗin da nake hawa har yau da kafiretarsa ta asali yake, ya taɓa yin dogon zama a zaure, wanki da sabuwar allurar fulot (abin da ke yawo a kan man kofi yana rufe hanyar mai idan kofin ya cika) kawai ta nema. Bugu ɗaya yake tashi da sanyin asuba, silonsa a kwance, ba na taɓa sukurunsa sai an shiga hunturu. Sabuwar kasuwa na taɓa sayen ɗaya, ta tayar da mashin, amma shan mai ya sa ta koma kwalinta.

Kafin ka kwance kafireta, fara da tanki, domin ko wacce ka zaɓa a nan za ta tsira ko ta sake toshewa. Juye tsohon man duka, kada ka haɗa shi da sabo. Haska cikin tankin da tocila. Tankin da ya kwana damina biyu rabinsa iska yana yin gumi daga ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta biyo baya. Idan ka ga ja, cire tankin, cire famfon mai, toshe ramin, zuba kananzir kamar lita ɗaya da ƙananan notuna cikin tafin hannu, ka yi ta girgizawa kana juyewa har abin da ke fita ya yi fari. Ƙirga notunan kafin ka zuba da bayan ka juye. Wanke rariyar da ke kan famfon, canza tiyon mai idan ya bushe, ka sa ƙaramar matatar mai ta roba mai gani-har-hanji a tsakani. Wanda ya ɗaura sabuwar kafireta a ƙarƙashin tanki mai tsatsa, kwana kaɗan zai dawo da wannan kukan.

Yanzu wankin, kuma a nan yawancin masu cewa "an wanke bai yi ba" suke faɗuwa, don abin da aka yi musu ɗauraya ce: a kwance kofi, a watsa fetur, a mayar. Wannan ba ya taɓa danƙon da ke cikin hanyoyi.

Rufe famfon mai, kwance sukurun zubar da mai da ke gindin kofi, cire murfin sama ka zaro silaid, wato ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa, da allurarsa, sannan ka cire kafiretar daga wuya. Sukurorin kofi masu laushi ne, nemi sukundireban da ya cika kansu ka danna kafin ka juya. Zare fil ɗin fulot, ɗaga fulot da allurarsa. Kwance babban jet da bututun da yake ɗaure a kai, wanda ke da ƙananan ramuka a gefe, sai ƙaramin jet. Ƙaramin yana maƙalewa, kuma tagulla ce, idan bakin sukundireba bai cika tsagar ba za ka ɓare ta. Kafin ka cire sukurun saita mai, ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, rubuta adadin, sannan ka kwance. Taɓawa kawai, ban da matsewa, don bakinsa siriri ne yana karyewa a cikin rami. Abu huɗu ke fita tare: sukurun, sifirin, ƙaramar wasa ta ƙarfe, da zoben roba. Zoben yakan tsaya a ciki, ka leƙa ka ciro shi.

Ware duk wani abin roba gefe, maganin feshi na wanke kafireta yana kumbura roba. Jiƙa jet ɗin a maganin kamar rabin awa. Idan ramin bai buɗe ba, warware wayar lantarki mai laushi ka zaro silin tagulla ɗaya ka bi ramin da shi. Ban da allurar ɗinki, ban da silin wayar birki. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, zai buɗa ramin, kuma jet ɗin da ya tashi daga 38 ya koma 45 ba ya komawa, sai mashin ya dinga baƙin hayaƙi yana cin fulogi. Ban da ruwan batir kuma, wanda wasu ke jiƙa kafireta a ciki don ta yi haske: yana cin jikinta. Ɗaga jet ɗin ka kalli haske ta cikinsa, rami zagayayye ya kamata ka gani, har da na gefe.

Jet rabin aikin ne. Daga mazauninsa akwai siririyar hanya a cikin jikin kafireta da ke haɗuwa da ramin iska na bakin baya, ta bi ta wurin sukurun saita mai, ta fito ta ɗan ƙaramin rami a maƙogwaro, wato babban ramin da iska ke bi, ta gefen injin. Sa tsinken feshin a mazaunin ƙaramin jet ka fesa, ka kare idonka. Dole ka ga maganin ya fito ta maƙogwaro, ta ramin sukuru, da ta bakin iska. Toshe biyu da yatsa ka tilasta shi ta na ukun, ɗaya bayan ɗaya. Inda bai fito ba, nan ciwon yake, ka sake jiƙawa. Bayan nan ka kai wa mai faci ya hura da injin iska, amma kafiretar tana kwance ba fulot a ciki, don iskar tana lotsa fulot. Duba siraran tiyon numfashi da na zubar da mai su ma. Zanzaro na son gina ɗakinsa a bakinsu, kuma idan kofi bai samu numfashi ba mai ba ya sauka daidai ko da komai a wanke yake.

Abin da za ka saya shi ne kit ɗin gyara, kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar kafireta ba. A ciki ka ɗauki gasket ɗin kofi mai hana bakinsa yoyo, zoben roba, da allurar fulot idan bakin tsohuwar ya yi zobe ko ya bushe. Jet ɗin cikin kit kuwa bar su a leda, mayar da naka na asali, don lambar da ke jikin na kit ba kullum take daidai da raminsa ba. Kilif ɗin babbar allura ka bar shi a tsagar da ka same shi, galibi ta uku cikin biyar. Da ka haɗa fulot, kifa kafiretar ka hura ta inda mai ke shiga: a kife iska ba za ta wuce ba, a miƙe za ta wuce. Idan ta wuce a kife, mai zai dinga zuba ta tiyon ƙasa.

Saiti iri ɗaya ne ko tsohuwa ko sabuwa. Mayar da sukurun mai adadin da ka rubuta, in ba ka da shi fara da zagaye biyu a waje. Tayar da mashin, ka bar shi ya yi zafi minti goma, cok a sauke gaba ɗaya. Ɗaga silo kaɗan da babban sukurun gefe mai tokare silaid. Sai ka dinga juya sukurun mai rubu'in zagaye a kowane juyi, kana jiran daƙiƙa goma bayan kowane juyi, har ka samu inda injin ya fi sauri da santsi. Daga nan sauko da silo zuwa wajen zagaye 1,400 a minti. Idan sukurun saitin yana gefen injin, na mai ne, kwancewa ƙarin mai. Idan yana gefen akwatin iska, na iska ne, kwancewa rage mai. Sukurun mai da ya wuce zagaye uku a waje kafin injin ya daidaita yana gaya maka hanyar ba ta gama buɗewa ba. Ka bar wa totur ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6, ka juya kan mashin dama da hagu ka ji silo bai canza ba.

Akwai abubuwa uku da ake ɗora wa kafireta laifinsu, kuma sabuwa ba za ta magance ko ɗaya ba. Idan ka murɗa totur ka saki injin ya tsaya a sama yana jinkirin saukowa, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, galibi robar wuya ta tsage ko zoben da ke tsakaninta da kafireta ya bushe. Fesa maganin kaɗan a wurin yana silo, nesa da salansa, idan sautin ya canza ka kama shi. Na biyu soson iska: bayan shekara biyu yakan ruɓe ya zama gari, ko ɓera ya yi sheƙa a akwatin. Canza shi, ka shafa masa baƙin mai kaɗan ka matse. Na uku bawul. Idan silo ya yi kyau da sanyi amma ya mutu da injin ya ɗau zafi, a auna tazararsu injin na sanyi, ta CG 125 milimita 0.08 ce. Sa sabon fulogi D8EA da tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7. Baƙin mai kuma ka juye shi kafin ka hau, ka sansana: idan yana warin fetur, mai ya silale cikin injin lokacin zaman.

Sabuwa tana da ranarta, ban hana ba. Idan ka buɗe kofi ka ga farin gari ya ci jikin har ya yi ramuka, ko ƙafar da ke riƙe fil ɗin fulot ta karye, ko bakin sukurun mai ya karye a ciki, ko zaren mazaunin jet ya cinye, ko silaid yana kaɗawa a gidansa, to wanki ba zai yi ba. A nan ka tafi da tsohuwar a hannu, ka nemi samfurin kafireta PZ26, ka gwada faɗin maƙogwaro, tazarar ramukan noti biyu, da irin cok ɗin. Idan zarensu ya zo ɗaya, mayar da jet ɗinka na asali cikinta. Kada a lallaɓe ka da PZ30 wai ƙarin gudu, ta injin 200 ce, a kan 125 silo zai gagara kuma mashin zai dinga shaƙewa idan ka murɗa.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Sunan Keihin a jikin kafireta ko a kwali ba shaida ba ce, jabu ma da shi suke zuwa. Ka sa a buɗe kofin a gabanka. Akwai masu wanke tsohuwa su fesa mata fenti ruwan azurfa su sa a sabon kwali, za ka gane ta da cinyayyun kan sukurori da tabon mai a gindin kofi. Jet ɗin da ba lamba a jikinsa, ko silaid mai kaɗawa tun a shago, ajiye musu kayansu. Kuma duk wanda ya ce ka bar masa tsohuwar "tunda ta mutu", karɓi abarka ka tafi da ita gida, ya san za ta wanku ya sayar wa wani. Idan bakanike za ka kai wa, tsaya a kansa har ya nuna maka haske ta cikin ƙaramin jet, ya kuma fesa hanyar silo ka ga maganin ya fito ta maƙogwaro. Wanda ya ƙi yin wannan ya nace sai sabuwa, canza bakanike.