Sharhi: Yinin da muka ɗauki mai rakiya zuwa Giginya da Satiru

Shekarata goma sha ɗaya a Sakkwato, kuma da wuya rana ta faɗi ban ambaci Giginya ba. Filin wasa Giginya, barikin soja Giginya, sakatariya ma Giginya. Amma da abokina ya zo hutu daga Kano cikin hunturun da ya wuce, ya ce in kai shi Giginyar ta asali, wato inda dakarun Sakkwato suka gwabza da Nasara, sai na rasa inda zan nuna masa. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa muka haɗa kuɗi mu huɗu muka ɗauki wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya mai da kai baƙi wuraren tarihi sana'arsa. Shi ke zuwa da mota da direba, ku kuma ku biya kuɗin yini.

Ƙarfe bakwai ya ce, kuma bakwai ɗin ta yi masa a ƙofar gidana. Hubbare muka fara zuwa, don a cewarsa ba a shiga zancen yaƙi ba a yi wa magabata addu'a ba. Muka yi wa Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da waɗanda ke kwance kusa da shi addu'a. Daga nan sai gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ni rubutattun littattafai suka ɗauke mini hankali, amma Malam ya ja mu wajen takubba da masu. Ya ce mu ƙare musu kallo, mu riƙe su a zuci, domin inda za mu je yanzu da irinsu aka tari bindiga mai ruwa.

Wanda ke tsammanin zai ga fili fetal da giginyu a tsaye, ya sauke wannan tsammani tun daga gida. Gari ya cinye wurin. Gidaje ne da shaguna da kwalta, 'yan kabu-kabu na ta kai da kawowa. A nan ne na san kuɗinmu bai faɗi ƙasa banza ba. Malam ya samu inuwa a gefen hanya, ya share ƙasa da takalminsa, ya zana ganuwar birni da sandarsa. Ya tsinci tsakuwa ya jera su sahu huɗu, kowane sahu ya ba ɗan'uwansa baya, ya ce ga rundunar Morland, kwamandan Turawa. Ya ja dogon layi a gabansu ya ce ga jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, tare da Marafa Maiturare da Sarkin Rabah.

"Nan anka yi ta," in ji shi, "safiyar 15 ga Maris, 1903."

Ya tuna mana cewa Attahiru bai fi wata biyar a kan gado ba, kuma Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Manyan gari ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu na ganin a yi yaƙi, wasu a nemi sulhu, wasu a yi hijira. Doki da takobi sai an kusanci mutum suke aiki, ita kuwa bindiga mai ruwa da igwa ba su bari a kusance su. Hantsi bai gama dubar ludayi ba aka watse. Abin da ya sa muka yi tsit shi ne labarin masu riƙon tuta, waɗanda suka ƙi gusawa, in wannan ya faɗi wancan ya karɓa. Abokina Bakano ya cire hularsa ya riƙe a hannu, har muka bar wurin bai mayar ba.

Akwai abu guda da ban taɓa kawowa a raina ba sai ranar. Malam ya ɗaga tsakuwa ɗaya ya ce Turawan da ke cikin rundunar ba su wuce 'yan gomiya ba. Sauran masu harbin baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Ya faɗe ta a hankali, bai ƙara gishiri ba. Sannan ya bi da mu ta baki har Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, inda Attahiru ya yi shahada a 27 ga Yuli na shekarar, inda kuma kabarinsa da na Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojan Turawa a can, suke a fili ɗaya.

Da a nan aka tashi, da ba ni da abin cewa sai yabo.

Bayan azahar muka nufi Satiru, kudu da gari, tafiyar da ba ta kai kilomita talatin ba. Muna sauka daga kwalta taya ta fashe, aka ciro safaya ita ma ba iska. Sai da direba ya hau mashin ya nemo mai faci, mu kuma muka zauna gindin wata bedi fiye da awa ɗaya, ga ruwan da aka ce an tanada bai wuce leda biyar ba. Wannan sakaci ne. Mai kai mutane daji ya kamata ya duba ƙafafun motarsa kafin ya duba na baƙi.

Amma ba tayar ce ta fi damuna ba. Mutumin da ya yi awa biyu yana zane a ƙasa da safe, da muka isa kufan Satiru sai bakinsa ya mutu. Ya ce an yi tawaye a 1906, an kashe Turawa uku, aka zo aka ƙone garin, mu tafi kada magariba ta riske mu. Ke nan.

Ɗaya daga cikinmu malamin tarihi ne a sakandare, shi ya ƙi motsawa. Ya ce, "Baba, a yi mana haƙuri, ai ba a nan maganar ta tsaya ba." Ya shiga cike giɓin da kansa. Ranar 14 ga Fabrairu, talakawa masu gatari da fartanya, cikinsu har da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, suka tarwatsa sojan doki, suka kashe Razdan Hillary da Scott da Blackwood da sojoji fiye da ashirin, har suka kwashe bindiga mai ruwa. Abin da dakarun Giginya ba su samu yi ba, su suka yi. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu. An kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka yanke wa Ɗan Makaho, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, hukuncin kisa a Sakkwato. Kuma ba Nasara kaɗai suka zo ba, da mahayan Sakkwato a tare da su, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu kuma ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Malam ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ɗana, duk abin da kac ce haka na. Amma wanga zance nauyi garai, kuma ni cikin garin ga nika kwana."

Na fahimce shi, kuma ban raina shi ba. Sai dai ban yarda da shi ba. Mutanen da ke kwance a ƙasar nan su ma Musulmi ne, su ma 'yan ƙasar Sakkwato ne, kuma babu filin wasa ko bariki da ke ɗauke da sunansu. In mai rakiya ma ya taƙaita labarinsu, wa zai faɗa wa baƙo? Na sunkuya na tsinci wani ɗan kasko a cikin ƙasa, bakinsa da zanen da aka yi da tsinke. Na jujjuya shi na mayar inda na same shi. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, kuma in faɗi gaskiya, Malam ne ya ja ta, muryarsa na rawa.

Mun so ya kai mu Tabkin Kwatto, can yankin Gudu, washegari, inda jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni na 1804. Ya ce ko nawa za mu ba shi ba zai ɗauki 'ya'yan mutane ya nufi Gudu ba a halin tsaron da ake ciki, haka ma Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir. Da wani ne, da ya karɓe kuɗin ya ce Allah ya tsare. Wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Zan sake ɗaukarsa, kuma na riga na haɗa shi da wani ƙanena da zai kawo ɗalibansa. Na dai gaya wa ƙanen nawa su fara da Satiru da sassafe, tun rana ba ta yi ba, ya duba safaya da idonsa, ya ɗauki ruwansa, sannan ya sanar da Malam tun a waya cewa labarin Satiru cikakke yaran suke so su ji.