Bashin karatu na NELFUND: cike fom ba wuya, jiran kuɗin ne aiki

Tun da aka buɗe shafin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantu bashin karatu, a watan Mayun 2024, wata tambaya da iyaye ke yi ita ce ko akwai kuɗin ruwa a ciki. Babu. Abin da aka ba ɗalibi shi zai mayar. Dokar farko ta 2023 ta nemi masu tsaya wa mutum biyu, ta kuma ware bashin ga masu ƙaramin samu, amma wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta cire waɗannan sharuɗɗan. A nan kam an kyauta wa ɗan talaka.

Bashin kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye asusun makarantar, ɗalibi ba ya ganin ko sisi. Sai kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusunsa in ya nema. Ɗaliban jami'o'i, kwalejojin fasaha da na ilimi na gwamnatin tarayya da na jihohi ne ke samu, ban da na makarantu masu zaman kansu.

Kafin ka zauna cikewa, tanadi lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibta da hoton takardar shiga makaranta wanda rubutunsa ya fito sarai. In komai ya yi daidai, a waya ma ana gamawa a zama ɗaya, ba sai an biya mai kafe ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne suna. Ɗalibi Muhammad ne a NIN, Mohammed a banki, a JAMB kuma an ƙara masa sunan garinsu. Ko ranar haihuwa ta saɓa, don wanda ya yi masa rajista a sakandare ƙiyasi ya yi. Na'ura ba ta san uzuri ba, sai ta ƙi tantance shi, kuma ba kullum take faɗin inda matsalar take ba, wanda babban aibi ne. Gyaran a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko banki ake yin sa, yana kuma cin lokaci, don haka a jera takardun a duba su harafi da harafi tun kafin a buɗe rajista. Wanda aka ɗauka ba ta hanyar JAMB ba sai ya fara daidaita takardunsa da hukumar. In kuwa shafin ya ce bai san ka ba sam, galibi makarantarka ce ba ta ɗora bayananka ba, to ofishin harkokin ɗalibai za ka nufa, sake cikewa ba ya magani. Asusun ma a sa na bankin kasuwanci mai sunanka, kada a sa na manhajar waya ko na ɗan'uwa.

Raunin tsarin shi ne lokaci. Makaranta na iya rufe rajista kuɗin bai iso ba, uba ya ranto ya biya, daga baya kuɗin NELFUND ya shigo. Wannan kuɗin haƙƙin ɗalibi ne, tunda shi zai biya bashin, amma sai ya bi ofishin kuɗi na makarantar da rasit kafin a mayar masa, wani lokaci wata da watanni. Kada a yar da rasit. Dubu ashirin ɗin ma ba ta da tsayayyar rana, kuma da tsadar yau ba za ta riƙe ɗalibi wata guda ba, ragin zafi ce kawai.

Ana sabunta nema kowace shekarar karatu, da yawa suna mantawa. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa: kashi 10 cikin 100 na albashi za a riƙa cirewa, mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribarsa ta wata. Wanda kuɗin makaranta kaɗai ya gagare shi, gara ya tsaya a nan ya bar na kashewa, don naira 20,000 sau goma sha biyu 240,000 ce, kuma duk bashi ne a wuyansa.