Abin da na gani a Hamburg game da haɗa rediyon mota

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago, ina amsa tambayar da ka yi mini ne a kan yadda ake haɗa rediyon mota da sifikoki a nan Jamus, da kuma ko kayansu sun fi waɗanda kuke saya a kasuwar Panteka ta Kaduna. Ban so in ba ka amsa ba sai da na sauya rediyon motata da hannuna a watan jiya, domin in faɗa maka abin da idona ya gani.

Babu wanda ke yanke waya a nan, kuma wannan ne ya fara ba ni mamaki. Yawancin tsofaffin motocin Turai suna zuwa da soket mai tsari ɗaya wanda ake kira ISO 10487, mai gida biyu, ɗaya na wuta, ɗaya na sifikoki huɗu, kowace da wayoyinta biyu. Motar da soket ɗinta ya bambanta, sai a faɗa wa mai shago ƙirarta da shekararta, ya ɗauko adaftar da ta dace, a cusa, aiki ya ƙare ba tare da wuƙa ko salatif ba. Launukan su ne waɗanda ka koya mini tun ina ɗan firamare: rawaya ta batir, ja ta makulli, baƙa ta as (wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota), sannan fara da mai ruwan toka na sifikokin gaba, koriya da shunayya na sifikokin baya. Sai dai a motocin Volkswagen da Opel da yawa mazaunin ja da rawaya a juye suke, shi ya sa rediyo kan manta tashoshi da agogo da zarar an kashe mota. Na tuna sau nawa direbobin motocin Beljiyam suka kawo maka wannan ƙorafi suna zaton rediyon ne ya lalace. A nan adaftar tana zuwa da 'yan fulogi biyu da ake musanyawa da yatsa.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne ƙarfin da rediyon ke fitarwa. Abin da ake rubutawa a jikin kwali, wato wat 50 sau huɗu, ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido. Ƙarfin da yake ɗorewa a kai bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba, kuma an gina shi ne domin sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta). Idan mai bas ɗin Kawo ya matsa sai an ƙara masa sifika biyu a kan layi ɗaya domin fasinjan baya ya ji wa'azi, om 4 biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, kuma ɗan ƙaramin amfilifayan da ke cikin rediyon, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, zai riƙa jan wuta fiye da kima har ya ƙone, balle a zafin watan Afrilu na Kaduna. Haka nan wayar sifika mai ratsin baƙi ba as ba ce, domin a rediyon zamani duka wayoyin biyu suna ɗauke da sauti, kuma ɗaure ta a jikin mota, kamar yadda ake yi a zamanin Peugeot 504, yana iya kashe rediyon. Mai son ƙara sai ya sayi amfilifaya daban, a ɗauko masa sauti daga ramukan RCA na baya, shuɗiyar waya mai ratsin fari ta riƙa kunna shi, a kuma sa fis kusa da batir.

Game da ingancin kaya, kada ka ɗauka komai na nan zinariya ne. Rediyon Pioneer ko Kenwood ko Sony da ke nan, akasarinsu a Asiya ake ƙera su kamar na wurinku, kuma wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe tana nan a kasuwa da araha. Bambancin shi ne ana rubuta gaskiyarta da kaurinta a jiki, kuma doka ta ba mai saye shekara biyu ya koma da kayan da ya zo da aibi, da kwana 14 na mayar da abin da ya saya ta intanet.

Amma a wajen gyara, wallahi kun yi musu nisa. Kuɗin aiki a nan da awa ake lissafa shi, don haka rediyon da ya ƙone sai dai a kai shi wurin tattara tsofaffin kayan lantarki, alhali kai za ka buɗe shi, ka cire abin da ya mutu, ka liƙa sabo da dalma kafin la'asar. Na ga wani maƙwabcina ya yar da rediyo lafiyayye saboda layi ɗaya ya daina magana, abin ya tsaya mini a rai kwana biyu.

Na sayi adafta goma na Volkswagen da Peugeot, da mita ɗaya ta auna om, zan ba mai zuwa gida ya kawo maka kafin Sallah. Ka sa yara su riƙa auna kowace sifika kafin su haɗa ta, kuma idan sun rasa gane wayar + ta sifika, su taɓa wayoyinta biyu a kan ƙaramin batir mai bolt 1.5: in fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan + na batirin ita ce + ɗin sifikar. Ka gaida Inna da kyau.